Yadda ake gasa cukun Camembert a cikin kwaɓin fulawa domin tarbar baƙi

A Faransa, inda cukun Camembert da ɗan uwansa Brie suka samo asali, an fi cin su ne ba tare da sun ga wuta ba, a yanka a ɗora a kan burodi bayan an kammala babban abinci. A Birtaniya da Amurka kuwa, musamman a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, gasa su ake yi: a naɗe dunƙulen cukun gaba ɗaya a cikin kwaɓin fulawa mai falle-falle, a sa a obin har bayansa ya yi ja, sannan a ajiye a tsakiyar tebur baƙi su riƙa dangwala da burodi ko tuffa kafin a kawo abinci. Aikin hannun da ke ciki kaɗan ne, kuma duk wanda ya iya murza fulawa zai iya. Abubuwa biyu ne suke ɓata shi, wato sayen cukun da bai dace ba, da sakaci wajen kiyaye sanyi da zafi, domin wannan girki yana so ya shiga obin da sanyi ƙalau, ya isa gaban baƙo da ɗuminsa, kuma tsakanin fitowarsa da hucewarsa 'yan mintuna ne.

Zaɓen cuku

Camembert sunan wani ƙauye ne a yankin Normandi da ke arewa maso yammacin Faransa, kuma labarin da Faransawa suka gada yana danganta wannan cuku ga wata manomiya mai suna Marie Harel a shekarar 1791. Da madarar saniya ake yin sa, a zagaye yake, faɗinsa kimanin santimita 11, nauyinsa giram 250, kuma tun wajajen 1890 ake sayar da shi a cikin ɗan akwatin katako mai shara-shara wanda ya ba shi damar yin doguwar tafiya ba tare da ya murƙushe ba. Brie kuwa daga gabashin birnin Faris ya fito, kuma na asalin faffaɗa ne ƙwarai, har ya haura santimita 35, shi ya sa a kanti ake yawan ganin sa a yanke. Wanda aka riga aka yanka ba ya yi wa wannan girki amfani, domin da zarar ya ji wuta zai tsiyaye ta gefen da aka yanka. Dunƙule cikakke ake nema, mai ɓawonsa a rufe ta kowane gefe, ko Camembert ko ƙaramin Brie da ake yi daidai girmansa.

Farin ɓawon da ke lulluɓe da shi funfuna ce da ake sakawa da gangan, ana cin ta, kuma ita ce take nuna cukun daga waje zuwa ciki. A farkon kwanakinsa tsakiyarsa tana da tauri da gari-gari, sai a hankali funfunar ta riƙa narkar da shi har ya yi laushi gaba ɗaya bayan wasu makonni. Wannan ne ya sa ya kamata a danna shi da ɗan yatsa kafin a biya kuɗi. Wanda ya dace yana lotsawa kaɗan ya dawo, kamar mangwaron da ya nuna bai ruɓe ba. Idan yana da tauri a tsakiya, a bar shi a firji na wasu kwanaki. Idan kuwa an buɗe takardarsa aka ji wari mai kaifi yana hawa hanci, ɓawon ya yi ruwan ƙasa yana danƙo, to ya wuce lokacinsa, kuma gashi ƙara fito da warin yake yi.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu saye a ƙasashe masu zafi. A manyan kantunan Yamai da Abuja da Legas ana samun Camembert iri biyu: na cikin akwatin katako ko kwali wanda wa'adinsa makonni ne, da na cikin gwangwani ko roba mai rufin ƙarfe wanda wa'adinsa watanni ne masu yawa. Na biyun an ratsa shi da zafi bayan an rufe shi domin ya daina nuna, ya jure doguwar tafiya, kuma saboda haka ne ko an gasa shi yakan yi laushi kawai ba tare da ya malala ba. Mai saye ya dubi ranar ƙarewar wa'adi, domin ita ce take tona asirin wanda aka yi wa wannan aiki. Haka nan cukwin Nijar busasshe, da farin cukun Fulani da ake kira wara ko wagashi, ba za su tsaya a madadinsa ba. Shi wagashi da ruwan ganyen tumfafiya ake daskarar da shi a kan wuta, kuma irin wannan cuku ba ya narkewa, shi ya sa ake iya soya shi a mai ya fito da siffarsa. Yana da daɗi a muhallinsa, amma ba shi ake nema a nan ba.

Sai batun halacci, wanda bai kamata a tsallake ba. Ana daskarar da madarar yawancin cukun Turai da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, kuma malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa idan ba a yanka dabbar bisa shari'a ba. Mai son fita daga saɓani ya nemi wanda aka buga wa tambarin halal, ko wanda aka rubuta cewa ya dace da masu ƙaurace wa nama, domin irin wannan da sinadarin da ba na dabba ba ake yin sa. A fakitin Faransanci ana rubuta présure animale ga na dabba, coagulant microbien ga ɗayan. A kuma kula da wanda aka rubuta wa au Calvados, domin an jiƙa shi ne a giyar tuffa ta Normandi.

Dunƙule ɗaya na giram 250 yana isar mutum huɗu zuwa shida a matsayin abin motsa baki. Idan baƙi sun kai ashirin, ya fi kyau a sayi ƙanana huɗu a riƙa gasa su bi da bi, a kan a nemi babba guda ɗaya wanda zai huce kafin a ci rabinsa.

Kwaɓin fulawa

Ana sayar da wannan kwaɓi a daskare a manyan kantuna, da sunan puff pastry a Nijeriya da Gana, da sunan pâte feuilletée a Nijar da Kamaru da Cadi, kuma babu laifi a saya, musamman ranar da ayyuka suka yi yawa. Fakiti ɗaya mai nauyin giram 300 ko sama da haka ya wadatar. A karanta jerin kayan da ke ciki, domin wasu kamfanonin suna sa ɗan barasa don kada ya lalace, kuma wanda aka yi da bota zalla ya fi na man gyaɗa ko na kwakwa ƙamshi nesa ba kusa ba. A sauke shi daga firiza zuwa firji tun daren jajibiri domin ya saki a hankali. Idan aka bar shi a kan tebur ya saki da zafin ɗaki, manne wa juna zai yi.

Wanda bai samu na kanti ba zai iya yin nasa, kuma gwara a yi shi kwana ɗaya kafin taron. Ana buƙatar fulawa giram 250, da bota mai sanyi sosai giram 200, da rabin cokalin shayi na gishiri, da ruwan ƙanƙara kimanin mililita 120. Dole ne botar ta zama ta gaske, mai tauri idan ta fito daga firji. Majarin mai laushi na shafa wa burodi ba zai yi ba, domin narkewa yake yi ya shige cikin fulawar. Soyayyen man shanu na gida shi ma ba zai yi ba, kuma dalilin yana da muhimmanci ga fahimtar aikin gaba ɗaya: bota tana ɗauke da ruwa kimanin kashi 16 cikin ɗari, kuma wannan ruwan, tare da na cikin kwaɓin, shi ne yake zama tururi a cikin obin, ya ɗaga fallayen fulawar ɗaya bayan ɗaya. Man da aka soya ya riga ya rabu da ruwansa, don haka fallayen ba za su tashi yadda ake so ba.

A tankaɗe fulawar a roba mai faɗi, a zuba gishiri, sannan a yanka botar gutsi-gutsi, kowane gutsure kimanin santimita 2, a zuba a ciki a juya da cokali har fulawa ta rufe kowane ɗaya. Kada a murje botar ta ɓace a cikin fulawa yadda ake yi wa cincin, domin so ake a riƙa ganin ta ɓaro-ɓaro. A zuba ruwan ƙanƙara da kaɗan-kaɗan ana haɗawa da wuƙar tebur, a tsaya da zarar kwaɓin ya haɗu wuri ɗaya, ko da kuwa ruwan bai ƙare ba. A wannan mataki zai yi kama da aikin da ya lalace, duk ya yi kaca-kaca, kuma haka ake so. A tattara shi da hannu ya zama mai kusurwa huɗu, a naɗe a leda, a sa a firji na minti 30.

Bayan ya yi sanyi, a barbaɗa fulawa a kan tebur, a murza kwaɓin ya yi tsawo, kimanin santimita 45 a tsaye da 15 zuwa 20 a faɗi, ana tura sandar murzawa gaba da baya kawai ba gefe da gefe ba. A ninka shi gida uku, wato a ɗauko kashi ɗaya bisa uku na ƙasa a ɗora a tsakiya, a ɗauko na sama a rufa a kai. A juya shi yadda buɗaɗɗen bakin zai fuskanci mai aiki, a sake murzawa, a sake ninkawa gida uku. Daga nan ya koma firji na minti 20 zuwa 30, sannan a maimaita murzawa da ninkawa sau biyu. Ninki huɗu ke nan, kuma tun da kowane ninki yana riɓanya fallayen sau uku, an samu falle 81. Masu gidajen burodi na Faransa suna kai nasu ninki shida, wanda yake ba da 729, amma huɗu sun ishi wannan girki.

Bota tana narkewa ne a wajajen digiri 32 zuwa 35, kuma kowa ya san yadda kicin yake a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu. A lokacin bazara a yi wannan aiki da asuba ko da dare, a yi nesa da murhu, kuma a riƙa mayar da kwaɓin firji bayan kowane ninki ɗaya maimakon biyu. Wata dabara ita ce a cika tire da ƙanƙara a ɗora a kan teburin na 'yan mintuna, a ɗauke a goge danshin, sannan a yi murzar a wurin. Alamar cewa zafi ya fara yin ɓarna ita ce botar ta fara ƙyalli tana manne wa sanda. Da an ga haka a dakata, kada a yi ƙoƙarin gyarawa da ƙarin fulawa. A lokacin hunturu aikin yana da sauƙi ƙwarai.

Haɗin albasa da dabino

Camembert yana da maiƙo da ɗan gishiri, saboda haka yana son abin da zai kawo zaƙi da ɗan tsami a gefensa. Turawa sukan sa jam ko zuma da irin gyaɗar ƙasarsu. Albasar da aka soya a hankali har ta yi zaƙi, aka haɗa ta da dabino, ta fi jam dacewa a ganina, domin ba ta da ruwan da zai jiƙa kwaɓin, kuma zaƙinta ba ya danne ɗanɗanon cukun.

A yanka albasa biyu matsakaita siriri-siriri, a narkar da cokalin cin abinci ɗaya na bota a kasko mai kauri, a zuba albasar da ɗan gishiri, a rage wuta ƙasa sosai. Za ta ɗauki minti 30 zuwa 40 ana juyawa lokaci-lokaci kafin ta sauka ta yi laushi ta koma launin zuma, kuma babu hanyar gaggauta wannan, domin idan aka ƙara wuta ƙonewa za ta yi ta yi ɗaci. Idan ta fara kama ƙasan kasko, a zuba cokali ɗaya na ruwa a kankare. A cire ƙwallon dabino huɗu ko biyar masu laushi, a yayyanka ƙanana, a zuba a ciki tare da cokalin shayi ɗaya na ruwan lemon tsami, da ɗan masoro, da ɗan tayim, a bar su minti biyar dabinon ya saki. Mai son yaji ya ƙara ɗan garin barkono a bakin cokali. A sauke, a baza a faranti ya huce sarai, sannan a sa a firji. Ɗora wannan haɗi da ɗuminsa a kan kwaɓi yana narkar da botar tun kafin a je obin, kuma duk wahalar ninkin da aka sha ta tashi a banza. Shi ma ana iya yin sa tun jajibiri.

Naɗewa

A fito da kwaɓin, a murza shi har kaurinsa ya zama milimita 3 zuwa 4. Idan ya fi haka kauri cikinsa ba zai gasu ba kafin cukun ya gaji da wuta, idan kuma ya fi haka siranta zai yage. A yanke faifai biyu da wuƙa mai kaifi, ɗaya mai faɗin santimita 16 na ƙasa, ɗaya mai faɗin santimita 22 na sama, kuma ana iya kifa faranti ko murfin tukunya a bi gefensa. Da yawa suna yin faifai ɗaya babba su tattaro bakinsa a ƙarƙashin cukun, amma wannan yana tara kwaɓi ninki-ninki a wuri ɗaya, wurin da zafi ya fi wahalar ratsawa, sai a yanka a tarar da ɗanyen ƙullu a ƙasa. Faifai biyu sun kawar da wannan matsala.

A shimfiɗa takardar gashi a kan faranti, a ɗora ƙaramin faifan, a soke tsakiyarsa da cokali mai yatsu sau biyar ko shida domin kada ya kumbura ya ture cukun. A fito da cukun daga firji a wannan lokaci, ba kafin nan ba, a cire takardarsa a ɗora shi a tsakiya. Kada a fere ɓawon, kada kuma a tsaga shi, domin shi ne bangon farko da yake riƙe cukun idan ya narke. A ɗora cokali biyu zuwa uku na haɗin albasa a samansa, a baza ba tare da ya gangaro gefe ba, ragowar kuma a ajiye don kai wa tebur. Mai so ya barbaɗa ɗan dakakken kashu ko soyayyar gyaɗa a kai.

A fasa ƙwai ɗaya a kaɗa shi da cokali ɗaya na madara ko ruwa. A shafa shi a zoben kwaɓin da ya rage a kewayen cukun, sannan a rufa babban faifan a sama, a bi gefen cukun da tafin hannu ana kwantar da shi a hankali yadda iska ba za ta maƙale a ciki ba, ba tare da an ja shi ya miƙe ba, domin kwaɓin da aka ja yana komawa baya a cikin obin ya buɗe baki. A danne bakin faifan biyu da yatsa, a sake bi da cokali mai yatsu, a gyara gefen da wuƙa a bar kimanin santimita 2. Wannan haɗin baki shi ne wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa, a zagaya shi sau biyu ana dubawa, domin ƙaramar kafa ɗaya ta isa ta zubar da rabin cukun a kan tire.

A shafa ƙwai a saman gaba ɗaya, amma a kiyaye kada ya gangara kan yankakken bakin, domin yana liƙe fallayen ya hana su tashi. Ragowar kwaɓin ana iya yanka shi a siffar ganye ko tauraro a manna a sama, a shafa masa ƙwai shi ma. Da tsinin wuƙa a yi 'yar ƙaramar huda a tsakiyar saman, wadda za ta ratsa kwaɓin kawai ba tare da ta taɓa ɓawon cukun ba, domin tururin albasa ya samu hanyar fita. Daga nan a mayar da shi firji na minti 20 zuwa 30. A haka yana iya jira har tsawon yini guda a rufe, kuma wannan ne yake sauƙaƙa wa mai taro, domin ana iya naɗe duka huɗun da safe a jera su a firji.

Gashi

A kunna obin a digiri 200 tun minti 20 kafin a fara, ko digiri 180 idan mai fanka ne, ko lamba 6 a obin ɗin gas mai lambobi. A sa tiren gashin a ciki tun farko ya yi zafi tare da obin, domin ɗora sanyayyen kwaɓi a kan tire mai zafi yana gasa ƙasan nan take kafin maiƙo ya jiƙa shi. Yawancin ƙananan obin ɗin gas ba sa faɗin gaskiya game da zafinsu, saboda haka ma'aunin zafi na cikin obin abu ne da ya cancanci kuɗinsa. Idan babu shi, a gwada da ɗan guntun kwaɓi: idan ya tashi ya fara ja a cikin minti 10 zuwa 12, zafin ya yi, idan kuwa ya kwanta yana tsiyayar da mai, obin bai kai ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a yi amfani da na gas, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi ba ta da magani.

A zame naɗin da takardarsa daga farantin zuwa kan tire mai zafi, a sa a tsakiyar obin, a rufe. Kada a buɗe ƙofa a minti 15 na farko, domin lokacin ne tururi yake ɗaga fallayen, kuma iska mai sanyi tana kwantar da su. Bayan nan a duba, idan gefe ɗaya ya fi ɗaya ja a juya tiren. Gashin yana ɗaukar minti 25 zuwa 30. Launin da ake nema ja ne mai duhu-duhu irin na ɓawon burodi, har a gindin gefen, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne fitar da shi yana fari-fari saboda tsoron ƙonewa, alhali cikin kwaɓin bai gasu ba. Idan saman ya yi ja da wuri, a rufa masa takardar alminiyam sako-sako a ci gaba. Kada dai a wuce minti 35, domin cukun da ya daɗe a wuta yana fitar da mansa ya koma tauri. Idan an ga ɗan cuku ya ɓullo ta gefe a mintunan ƙarshe, ba abin damuwa ba ne, gasuwa zai yi ya toshe kafar da kansa.

Bayan an fitar da shi, a bar shi a kan tiren na minti 10 cif. A daidai fitowarsa cikinsa ruwa ne tsararo mai ƙona baki, kuma wanda ya yanka a lokacin zai ga komai ya malale a faranti ya bar kwaɓin fanko. Minti goman nan ne suke ba shi kaurin da zai kama burodi. Daga nan yana da kimanin minti 15 zuwa 20 kafin ya fara daskarewa, saboda haka lissafin lokaci yana farawa ne daga zaman baƙi, ba daga lokacin da aka rubuta a katin gayyata ba. Tun da an san yadda taronmu yake, kada a sa na farko a obin sai an ga mutane sun fara taruwa, a ba su ruwa da lemo su yi gaishe-gaishe, na biyu kuma ya shiga a lokacin da aka kai na farko tebur.

Kai wa baƙi

A ɗauke shi da faffaɗan cokali a ɗora a faranti mai ɗan zurfi ko katakon yanka, a bar masa fili a kewaye. A jera abin dangwala a gefe: burodi da aka yanka siriri aka gasa ya yi ƙaras-ƙaras, ko biskit marar zaƙi, da yankakkiyar tuffa mai ɗan tsami wadda aka yayyafa wa lemon tsami don kada ta yi baƙi, da inabi, da karas, da ragowar haɗin albasa a ƙaramin kwano. Burodinmu na yau da kullum yana da sukari da laushi, don haka sai an gasa shi sosai kafin ya iya ɗaukar cuku, kuma inda ake samun doguwar baget, kamar Yamai da Maraɗi, ita ta fi. A tsiyaya ɗan zuma a sama idan ana so. Mai masauki ya fara yankawa da kansa, ya cire yanki ɗaya, domin baƙi sukan ji nauyin fasa abin da aka ƙawata, su yi ta kallonsa har ya huce. A ajiye ƙaramar wuƙa da cokali da ƙananan faranti.

Wanda ba shi da lokacin kwaɓi yana iya gasa cukun tsurarsa. A nan ana cire takardar, a mayar da shi cikin akwatinsa na katako idan da ƙusar waya aka haɗa akwatin, domin wanda aka haɗa da gam buɗewa yake yi a wuta, ko kuma a sa shi a ƙaramin kwanon tangaran mai jure zafi daidai girmansa. A tsattsaga saman ɓawon da wuƙa, a cusa siraran yankan tafarnuwa da tayim a tsagar, a ɗiga man zaitun, a gasa a digiri 180 na minti 15 zuwa 20 har tsakiyarsa ta riƙa rawa idan an girgiza kwanon. Wannan hanya tana yiwuwa har ga mai gashi a tukunya da yashi.

Hukumar lafiya ta Birtaniya tana shawartar masu juna biyu su guji cuku mai farin ɓawo irin su Camembert da Brie saboda ƙwayar cutar listeriya, sai fa idan an dafa shi har yana tururi, don haka mai ciki ta ci nata da zafinsa, kada ta ci wanda ya huce. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Abin da ya rage a faranti kada ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. A rufe shi a sa a firji, washegari a ɗumama a obin a digiri 170 na kimanin minti 10. Ba zai malala kamar na farko ba, amma idan aka yanka shi aka sa a tsakanin burodi aka gasa a kasko, ya isa karin kumallon mutum biyu.